Seleri a tukunya: Ganye ne mai amfani, amma kada a ajiye maganin hawan jini dominsa

Duk mai riƙe da babbar waya ya san yadda maganar seleri ta yi yawa a 'yan shekarun nan. A WhatsApp da TikTok da Facebook ba a rasa bidiyon wani ko wata riƙe da kofi cike da koren ruwa, ana cewa idan ka sha shi da sassafe kafin ka ci komai hawan jini zai tafi, tumbi zai zube, ƙoda da hanta kuma za su wanku tas.

Bidiyo ba ya biyan kuɗin mota. Wanda aka kalla a Abuja da safe, kafin azahar ya isa wayar magidanci a Dogon Daji, ko ta uwargida a Tambuwal da Kebbe. Abin da ba ya isowa da sauƙi shi ne ganyen kansa, da kuma ma'aikacin lafiyar da zai zaunar da mutum ya faɗa masa abin da ganyen zai iya yi da wanda ya fi ƙarfinsa.

Matsayinmu a nan a fili yake. Seleri abinci ne mai kyau, ya cancanci a ba shi tukunya guda a tsakar gida, kuma ana iya rayar da shi har a ƙasa mai zafi irin ta kudancin Sakkwato idan an san lokacinsa. Amma duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, ya ajiye maganin ya koma shan ruwan seleri, to yana caca ne da ransa.

Me ke cikin ganyen?

Seleri ɗan'uwan karas ne a dangin tsirrai. Asalinsa yankin Bahar Rum ne, kuma ya daɗe a hannun ɗan Adam, domin an samu ganyensa cikin furannin da aka binne Fir'auna Tutankhamun da su a Masar fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na ɗanyen seleri bai wuce kalori 16 ba. A cikinsa akwai fotashiyam kimanin miligiram 260, da bitamin K mai ɗan yawa, da folet, da zare-zaren da ke taimaka wa hanji wajen sarrafa abinci, kimanin giram ɗaya da rabi.

Wannan duk alheri ne. Fotashiyam na taimaka wa jiki fitar da gishirin da ya yi yawa. Bitamin K na da hannu wajen daskarewar jini idan an ji rauni, da kuma ƙarfin ƙashi. Zare-zaren na rage taurin bayan gida. Mai son rage ƙiba ko mai ciwon suga zai iya cin seleri ya cika ciki ba tare da ya ɗora wa jikinsa nauyi ba.

Sai dai a gwada shi da abin da ke bayan ɗakunanmu. Giram 100 na ɗanyen alayyahu na ɗauke da fotashiyam fiye da miligiram 600, wato ninki biyu na seleri da ɗoriya. Ɗanyen zogale na da furotin fiye da giram 9, seleri kuwa bai kai giram ɗaya ba. Bitamin C da ke cikin zogale ya haura miligiram 50, na seleri kimanin 3 ne kacal. Haka abin yake idan aka zo kan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Saboda haka kwanon kwaɗon zogale ko na rama da ake haɗawa da ƙuli-ƙuli da albasa a kasuwannin Tambuwal da Kebbe ya fi dami guda na seleri gina jiki, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga ina maganar hawan jini ta samo asali?

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani sinadari a cikin seleri, wanda shi ne ma ke ba shi ƙamshinsa, da masana suka gano yana sassauta jijiyoyin jini. A 1992 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun ba ɓeraye wannan sinadari, suka ga jininsu ya sauka. Daga baya an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane, har da a ƙasar Iran, inda aka ga alamar sauƙi.

Amma a lura da abu uku. Mutanen da aka gwada 'yan gommai ne. Gwajin na 'yan makonni ne. Sannan abin da aka ba su tataccen sinadari ne daga 'ya'yan seleri, wanda aka auna aka zuba a ƙwaya, ba ganyen da aka markaɗa a kicin ba. Wannan ya isa ya sa masana su ci gaba da bincike, bai isa ya sa marar lafiya ya jefar da maganinsa ba.

Shi kuwa yayin shan ruwan seleri da safe, wani Ba'amurke ne mai suna Anthony William ya yaɗa shi, har ya fitar da littafi a kansa a 2019. Mutumin ba likita ba ne, bai kuma yi karatun aikin lafiya ba. Shi da bakinsa yake cewa wani ruhi ne ke sanar da shi sirrin cututtuka. Taurarin fina-finai da mawaƙa suka ɗauka, intanet ta watsa, har maganar ta iso gare mu da Hausa, an cire sunan mai ita.

Abin da yake cewa a sha kullum kusan rabin lita ne, wanda sai an markaɗe babban dami guda kafin a samu. Idan aka tace, zare-zaren da ke da amfani sun tafi cikin tuƙa. Abin da ya rage a kofin kuma yana ɗauke da sodiyam kimanin miligiram 400, domin seleri na cikin kayan lambu masu ɗan gishiri-gishiri. Wannan kashi ɗaya ne cikin biyar na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kada babba ya wuce a yini.

Maganar wanke ƙoda da hanta kuwa, su waɗannan gaɓoɓin su ne masu wanke jiki. Idan suna lafiya ba sa jiran wani koren ruwa, idan kuma sun samu matsala asibiti suke buƙata.

Abin da ke cikin haɗari

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekaru da shi yana noma, yana cin kasuwa, bai ji komai ba, sai rana guda ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta daina aiki. Rahoton da WHO ta fitar a 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kuma huɗu cikin biyar na masu shi ba sa samun kulawar da ta dace. Kusan rabinsu ma ba su san suna da shi ba.

Maganin hawan jini ba ya warkar da ciwon gaba ɗaya, danne shi yake yi. Ranar da aka daina sha, jinin na komawa inda ya fito, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Mutumin da ya ji bidiyo ya ajiye ƙwayarsa zai iya jin garau wata ɗaya ko biyu, ya ma riƙa ba wasu labarin ya warke, alhali ɓarna na gudana a ciki.

Ga mutumin Dogon Daji ko na ƙauyukan Kebbe, idan abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda, tafiya ce zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da kuɗin mota, da na jinya, da masu zaman jinyar da za su bar gona. Gidaje nawa ne za su iya ɗaukar wannan ba tare da an sayar da dabba ko an jinginar da fili ba?

Mun san tsadar magani na cikin abin da ke tura mutane neman wata hanya, kuma wannan ƙorafi ne na gaskiya. Amma wanda kuɗin magani ya gagara, abin da ya dace shi ne ya koma wurin likita ko ma'aikacin lafiya ya faɗa masa, domin akwai magunguna masu sauƙin kuɗi da ke aiki. Ya fi a yi shiru a daina sha.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su yi hattara da seleri mai yawa ko da ba su da hawan jini. Mai ciwon ƙoda da aka hana wa fotashiyam, da mai shan maganin tsinka jini irin su Warfarin wanda bitamin K ke rage wa ƙarfi, su tambayi likita tukuna. Mai juna biyu ta ci ganyen a miya ba komai, amma ta guji 'ya'yan seleri masu yawa da man da ake tatsa daga cikinsu. Wasu kuma jikinsu ba ya karɓar seleri sam, shi ya sa a Turai doka ta tilasta a rubuta sunansa a jikin duk abincin gwangwani ko na leda da ke ɗauke da shi. Wanda ya ci ya ji ƙaiƙayi a baki ko kumburin leɓe, ya bari.

Inda amfaninsa na gaskiya yake

WHO ta ce kada babba ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku duba tukunyar miyar gidajenmu: gishiri, da dunƙule uku ko huɗu wanda kusan rabin nauyin kowanne gishiri ne, da kanwa wadda ita ma sodiyam ce. A haɗa da yajin tsire da taliyar leda da yara ke ci. Ba mamaki Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage gishiri a abinci a 2025.

Matsalar ita ce, duk uwargidan da ta rage dunƙule sai an ce miyarta ta yi salam. A nan seleri yake da rana. Ganyensa na da ƙamshi mai ƙarfi da ɗan ɗanɗanon gishiri na halitta. 'Yan rassa biyu ko uku da aka yanka ƙanana aka zuba a miya, ko farfesu, ko dafa-duka, ko faten wake dab da saukewa, sun isa su ɗaga girki. Sodiyam ɗin da ke cikin wannan ɗan kaɗan bai kai ko kusa da na dunƙule guda ba.

Idan aka haɗa shi da daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da ɗoɗɗoya, za a iya rage dunƙule daga huɗu zuwa biyu maigida bai ankara ba. Rage gishiri kuwa hanya ce da bincike mai yawa ya tabbatar tana saukar da jini. Wannan shi ne taimakon da seleri zai yi wa mai hawan jini, tare da maganinsa.

Me ya sa sai a tukunya?

Seleri ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 21. Shi ya sa a Najeriya aka fi noma shi a tsaunukan Filato, inda Jos ke da tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma daga kasuwanni irin su Farin Gada yake bazuwa zuwa manyan birane. Daga Jos zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 600. Ganyen da kusan dukkansa ruwa ne, kafin ya iso ya yi yaushi, kuɗin mota kuma ya hau kansa.

A Sakkwato zafin bazara na haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Babu selerin da zai jure wannan a fili. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da manoman fadama da na Aliero ke kan aikin albasa, darare na yin sanyi sosai. Waɗannan watanni huɗu su ne damar mai son seleri a wannan yanki.

Tukunya ta fi fili ne domin ana iya ɗaga ta. Da safe a ba ta rana, da hantsi ya yi a mayar da ita inuwa. Ba ta buƙatar gona, ba ta buƙatar injin ban-ruwa, kuma matar da ba ta fita za ta iya kula da ita a tsakar gida.

Yadda ake yi

Hanya mafi sauƙi ita ce ta gindi. Idan za a sayi seleri a birni, a zaɓi wanda ba a yanke gindinsa ba. A yanke rassan a yi girki da su, a bar gindin mai tsawon kamar faɗin yatsu uku. A tsayar da shi a ƙaramin kwano mai ruwa kaɗan, wanda ya taɓa ƙasan gindin kawai. A ajiye wurin da ke da haske amma rana ba ta dukansa, a riƙa sauya ruwan kullum. Cikin mako guda za a ga sabbin ganye na leƙowa daga tsakiya. Daga nan sai dashe, kada a bar shi ya daɗe a ruwa ya ruɓe. Idan kuwa an dace da wanda aka tuge da saiwarsa, a rage ganyen a dasa kai tsaye.

Tukunyar ta kai zurfin taƙi guda da ɗoriya, kimanin santimita 25 zuwa 30, a huda ƙasanta domin ruwa ya riƙa tsiyaya. Tsohon bokiti ko jarkar da aka yanke za su yi, amma tukunyar ƙasa ta fi, domin tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wanda ke da hali ya saka ta cikin wata babbar tukunyar, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Wannan ita ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa domin adana kayan lambu, wadda ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ƙasar jigawa zalla ba ta riƙe ruwa. A haɗa kashi biyu na ƙasa mai ɗan laka, irin ta fadama, da kashi ɗaya na takin dabbobi da ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen taki na ƙona saiwa. A binne gindin, a bar sabbin ganyen a waje.

Ruwa shi ne ran seleri. Saiwarsa ba ta nisa, iskar hunturu kuma na busar da tukunya da sauri. A ba shi ruwa safe da yamma, ƙasar ta zauna da danshi amma kada ta zama taɓo. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk sun wadatar, muddin babu sabulu a ciki. A rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa domin danshi ya daɗe. Idan ya sha ƙishirwa yakan yi ɗaci da tauri, wani lokaci tsakiyarsa ta yi baƙi.

A ajiye tukunyar a gabashin katanga ko gefen rumfa, inda za ta samu ranar safe ta tsira daga ta azahar. A ɗora ta a kan wani abu ko a kewaye ta, domin awaki da kaji ba sa tambaya. Duk bayan mako biyu ko uku a ƙara ɗan taki. Idan darɓa ta kama ganyen, a wanke da ruwa ko a fesa ruwan ganyen dogon yaro da aka jiƙa. Kada a kusanto da maganin feshin gona ga abin da za a tsinka a ci gobe.

Bayan kamar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi za a fara tsinka. A riƙa cire rassan waje, a bar na tsakiya su ci gaba da fitowa. Kada a sa ran kaurin rassan da ake gani a bidiyon Turai. Abin da za a samu ganye ne da siraran rassa, kuma su ne suka fi ƙamshi, su miya ke buƙata.

Shuka daga iri ta fi wuya. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su da zurfi, sukan yi mako biyu zuwa uku kafin su tsiro, kuma zafi na hana su fitowa. Daga shuka zuwa girbi ana iya cin wata huɗu, wato kusan duk hunturun. Mai farawa ya fara da gindi.

Idan Maris ya kama, zafi ya fara, a tsinke abin da ya rage a shanya a inuwa kamar yadda ake yi wa kuka da zogale, a daka a zuba a kwalba. Ita kuma tukunyar kada ta zauna haka nan: a zuba mata alayyahu, ko lalo, ko sure, waɗanda ba sa tsoron rana.

Kiranmu

A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan hali kayan lambu ne ke fara ɓacewa daga kwanon talaka, alhali WHO na son kowa ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Tukwane biyar a tsakar gida ba za su cike wannan giɓi ba, amma za su rage shi, kuma ba sa jiran kasafin kuɗin kowa.

Duk da haka akwai aikin hukuma. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su tabbatar kowace cibiyar lafiya ta matakin farko na da na'urar awon jini mai aiki, a kuma riƙa fitar da ita ranakun kasuwa. Awon ba ya cin minti biyar. Wanda aka auna aka ga ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a sake aunawa wata rana, a tura shi inda ya dace.

Malaman gona na jiha da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, su gwada nau'in seleri mai ganye da ake nomawa a ƙasashen Asiya masu zafi, wanda ya fi na Turai juriya. Idan ya karɓi ƙasarmu, manoman rani sun samu ƙarin abin sayarwa.

Hukumar NAFDAC ta sa ido kan masu tallar gari da ruwan seleri a intanet da sunan maganin hawan jini ko ciwon ƙoda. Gidajen rediyo da malamai masu wa'azi, waɗanda jama'a ke saurara fiye da kowa, su taimaka wajen faɗa wa mutane cewa neman magani a wurin masaninsa ba ya cin karo da tawakkali.

Mai karatu kuma, kafin ka tura wa mahaifiyarka ko ƙungiyar danginku bidiyon koren ruwa, ka tambayi kanka ko ka san wanda ke magana a ciki da abin da ya karanta. Idan kana son yi wa tsofaffinka gata, kai su a auna jininsu, ka tabbatar maganinsu bai yanke ba, ka roƙi mai girki ta rage gishiri. Idan Nuwamba ta zo, ka kawo musu gindin seleri da tukunya.